Likkafanin Alhaji Ilyasu a Ƙarƙashin Bashe

"Sake ba ta wuta, Zakari!"

Motar ta yi tari uku, ta saki tusa, ta turo shuɗin hayaƙi ta tagar ɗakin da Alhaji Ilyasu ke kwance. Tani ta dire kofin kunun da take ba mijinta, ta toshe hanci da bakin mayafi.

Ba gulma ba, amma duk unguwarmu ta bakin tabki an san kwana tara ke nan da likitan Maradi ya ce a mayar da Alhaji gida. Tun a ranar nan ƙanensa Kabiru ya diro daga Ɗan Issa, wai duba jiki. Ya leƙa ɗaki ya ce "sannu Yaya" sau ɗaya, daga nan jikin mota ya koma dubawa. Tsohuwar bashe ce mai buɗaɗɗen baya, shekara talatin tana kai kifi da tumatir Maradi, har ƙarnin ya kama ƙarfenta. Kabiru ya riga ya raba gado a zuciyarsa, ya ba kansa ita, har ya ɗauko Zakari makanike.

Tani ta fito zaure. Zakari na cire wayoyin buji, wato fulogi, ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Ya cire na farko, inji ya ƙara rawa. Na biyu ma haka. Da ya cire na uku, ko gezau.

"Ga marar aikin nan," ya ce. Ya kwance bujin, ya fito baƙi ƙirin, jiƙe da mai. "Kuma baƙin man da muka zuba ran Litinin ya tafi. Dubi sandar awo, ƙayau."

"Yoyo ne," in ji Kabiru. "A ɗaure ƙasa kawai."

"To a samu abu fari a shimfiɗa mata, mu ga inda take ɗiga," in ji Zakari.

"Kabiru," Tani ta ce, "hayaƙinku na shiga wa ɗan'uwanka."

"Haba Yaya Tani, hayaƙin da ya shekara talatin yana sha?"

Ta koma ciki tana tofar da yawu. Ashe Alhaji na jin komai. Numfashi da ƙyar, amma kunnen direba bai mutu ba.

"Gaya wa sakarkarun nan ba yoyo take ba, sha take. Zoben fistin na uku ya cinye, mai na hawa kan buji. Wannan hayaƙi ko makaho ya shaƙa ya sani." Ya huta, ya kamo hannunta. "Tani, abin nan yana nan?"

Likkafaninsa yake nufi. Da kansa ya sayo shi a Makka, ya jiƙa shi da zamzam, ya shanya a can. Shekara goma sha ɗaya yana naɗe a gindin akwati.

"Yana nan, Alhaji."

"Ban bar miki komai ba. Amma cikinsa za a sa ni, ba wani ba."

"In sha Allahu."

Ta kai wa Kabiru saƙon zobe. Ya ce Yaya dai ya ji da jikinsa. Can da la'asar tana madafa, ta hango shi ya shiga ɗakin wai neman takardun mota, ya fito da wani abu a hammata. Hankalinta na kan kunu, ba ta kula ba.

Washegari da hantsi Alhaji ya cika, kansa bisa cinyarta. Kafin azahar an gama haƙa, an yi wanka, liman na zaune a ƙofar gida, tela ya zo da allurarsa. Tani ta buɗe akwati. Ta zazzage riguna, ta zazzage huluna. Babu. Ta duba ƙarƙashin gado har da rarrafe, gumi na karyo mata. Wani daga waje ya ce rana na yi, a aika kasuwa a yanko yadi.

Nana maƙwabciyarta, wadda ko kaza ta yi ƙwai a unguwar sai ta sani, ta matso kunnenta.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma leƙa ƙarƙashin motar can."

Tani ta ratsa maza ba ko takalmi. Ana "Subhanallahi, ina za ta?" ba ta waiga ba. Ta durƙusa a gaban bashe. Ga shi nan shimfiɗe a ƙasa, an danne kusurwoyinsa da duwatsu huɗu. Ta jawo shi a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ta kakkaɓe ƙura. A gefe guda ga shatin hannu, yatsu biyar na baƙin mai.

"Wallahi na ɗauka zanin gado ne," in ji Kabiru.

"Gadon wa ke cin yadi goma sha biyu, Kabiru?"

Zakari kuwa, Allah ya shirye shi, ya miƙo wuya yana duba tsakiyar yadin.

"Kai! Ko ɗigo babu. Ashe gaskiyar Alhaji, sha take."

Kabiru ya rage murya, amma ba yadda ya kamata ba. "To zoben, a Maradi ake samu ko sai Katsina?"

Liman ya kawar da kai. Tani ta dube su. Ta karɓi reza hannun tela, ta yanke gefen nan mai yatsu biyar, ta ɗora wa Kabiru a cinya. Sauran ya isa, har da ɗan ragi. Cikinsa aka sa Alhaji.

Da yamma masu gaisuwa sun tsagaita, Tani ta leƙo ta zaure. Bashe na tsaye, bakinta a buɗe yadda suka bar shi. A ƙarƙashinta duwatsun nan huɗu na nan inda suke, ƙasar tsakaninsu busasshiya, wata kaza ta shiga ta kwanta.