Kwalbar da Aka Samu a Ɗakin Gwadabe

"Ba ya shan fetur," in ji Gwadabe, yana tari. "Sau nawa zan gaya maka?"

Lawan na tsaye a bakin zaure da kayan aikinsa na masana'antar jima ta Chalawa, yana kallon maƙwabcin nasa sheƙeƙe. Shekara ashirin yana gyaran injinan da in suka tashi sai ƙasa ta girgiza, amma wai wannan tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ƙurar auduga ta cinye wa ƙirji, shi zai koya masa zancen mai. Kuma a kan me? A kan wani ɗan jirgin sama na katako, da bai wuce kamu biyu ba, wanda wani Bature injiniya ya bar wa Gwadabe da zai koma ƙasarsu.

"Gwangwani uku na sifirit, wanda suke cewa metanol, gwangwani ɗaya na man zurma," in ji Gwadabe, yana aunawa da gwangwanin madara. "Filoginsa ba ya tartsatsi irin na mota. 'Yar waya ce a ciki, batir ke sa ta yi ja. In ya kama sai ka cire batirin, sifirit ɗin ne ke riƙe mata wuta. Man zurma kuma shi ke hana shi cin kansa."

"To direban jirgi, yaushe za ka kai mu Makka?"

Gwadabe ya yi murmushi. Ya gwada kaɗa farfelar da yatsa, ta juya rabi ta tsaya. Ya sake, numfashi ya ƙwace masa.

"Lawan, ɗan kaɗa mini mana. Hannun ya ƙi."

"Ni? Da furfurata? Abin wasan yara?" Ya yi tsaki ya shige gida.

Kwana tara bayan haka, da aka idar da sallar asuba, Gwadabe ya cika.

Kafin rana ta ɗaga, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, a wannan lungu na Sharaɗa. Wansa, Alhaji Uwaisu, ya iso daga Na'ibawa cikin farar shadda mai sheƙi, yana share idon da Lawan bai ga ɗigon hawaye a cikinsa ba. Shekara biyu ƙaninsa na jinya, sau ɗaya ya leƙo, shi ma a tsaye. Yau kuwa har ƙuryar ɗaki ya shiga, wai yana duba abin da ya kamata. Sai ga shi ya fito da wata kwalba, yana riƙe da ita da yatsu biyu.

"Malam Inuwa, ku shinshina wannan," ya ce wa limamin unguwa, da muryar da kowa zai ji. "Ƙarƙashin gadonsa. Innalillahi! Giya ce! Ashe abin da ya kwantar da shi ke nan."

Kwalbar ta fara yawo daga hanci zuwa hanci. Lawan ya bi fuskokin da kallo. Mutanen da Gwadabe ya sha gyara wa rediyo da fitila, su ne ke gyaɗa kai, wai dama sun lura. Wani har ya fara lalubar takalminsa.

"Alhaji, wannan ko jaki ya sha sai ya makance," in ji Lawan. "Man jirgi ne."

"Jirgi?" Alhaji Uwaisu ya taɓe baki. "Wancan abin wasan yaran? Haba Malam, ana rufa asiri, amma ba haka ba."

Lawan ya ji maganar ta soke shi, don ya san bakin da ya riga Alhaji faɗinta. Ya miƙe ya shiga soro, ya yi sallama a bakin labule.

"Zaituna, ku yi haƙuri. Ina so in tayar da jirgin nan."

Matar mamacin na daga ciki. Ta ji duk abin da aka faɗa a waje.

"Ku tayar, Malam Lawan," ta ce. "Kada a kai shi da wannan magana a bayansa."

Ya fito da jirgin da batir da gwangwanin madara da man zurma, ya karɓe kwalbar daga hannun Alhaji ba tare da ya dube shi ba.

"A gidan rasuwa?" in ji wani.

"A gidan rasuwa aka yi ƙazafin," in ji Lawan.

Wani mai babur Basfa ya ce in mai ake nema, bari ya zuƙo daga tankinsa. Lawan ya harare shi.

"Ba ya shan fetur."

Ya durƙusa a ƙasa, ya auna uku da ɗaya, ya girgiza, ya ɗura a ɗan tankin. Ya maƙala wayar batir a kan filogi, ya danne jirgin da hannun hagu, ya kaɗa farfela. Shiru. Ya sake. Shiru. Sau bakwai, gumi na bin gemunsa, yana jin 'yar dariya ƙasa-ƙasa a bayansa. Ya murɗa allurar mai kaɗan, ya kaɗa na takwas. Farfelar ta dawo da baya ta tsaga masa yatsa. Bai ko dubi jinin ba, ya sake kaɗawa.

Injin ya tashi da wata ƙara siririya mai huda kunne, har kaji suka watse. Lawan ya cire batirin, ya ɗaga wayar sama kowa ya gani, injin na ci gaba da kuka. Hayaƙi mai ƙaurin suya ya turnuƙe tabarmi, feshin man zurma ya yi wa shaddar Alhaji ɗige-ɗige daga ƙirji har gwiwa. Daga cikin gida aka ji kukan Zaituna ya ɓarke.

Lawan ya matse robar mai da yatsa. Injin ya yi tari biyu ya mutu.

Mai neman takalmi ya koma ya zauna.

"Allah ya gafarta mana," in ji Malam Inuwa, idonsa a ƙasa. "A fito da shi."

Bayan an yi salla, Alhaji Uwaisu ya matso zai kama gaban makara. Ya tarar Lawan ya riga ya sa kafaɗa.

"Malam, ɗan matsa."

Lawan ya yi kamar bai ji ba.

Suka bi ta bayan katangar masaƙa, ma'aikatan safe na tsayawa da kekunansu a gefen hanya suna ba su wuri. Har maƙabarta Lawan bai yarda an karɓe shi ba. Tsumman da ya ɗaure yatsarsa da shi ya jiƙe, jini na bin itacen makarar a hankali.