Zomayen da Malachy Ya Tsinto a Maƙabarta

Attracta Gilhooly tana feraye dankali mijinta ya turo ƙofar kicin da ƙafa, ya tallabo hularsa da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Tun hantsi ya tafi yanke ciyawar maƙabarta, domin ranar Lahadi Fada, limamin cocinsu, zai yi addu'ar shekara a kan kaburbura. Shekara talatin da ɗaya Malachy ya yi yana tuƙa bas a Dublin kafin su dawo ƙauyen su Attracta a Leitrim, kuma tun da suka dawo babu wani abu na karkara da bai fi kowa sani ba.

"Marayu ne," in ji shi. "'Ya'yan zomon rami. Saura ƙiris in bi ta kansu da inji."

Ta leƙa cikin hular. Su biyu ne, jajaye-jajaye, gashi luf-luf, idanu a buɗe tar, sun lafe ko motsi ba sa yi.

"A bakin wane rami ka same su?"

"Babu rami. A fili suke cikin ciyawa."

"To ka ji, da bakinka ka faɗa. Ɗan zomon rami a ƙarƙashin ƙasa ake haifarsa, tsirara, ido a rufe. Waɗannan 'ya'yan zomon daji ne, da gashinsu suke zuwa duniya. Dubi bakin kunnuwan, ba ka ga baƙi ba?"

"Zomon daji a watan Agusta? Haba, Attracta. A Maris suke haihuwa, kowa ya sani."

"Kowa na cikin bas ɗinka ke nan. Tun Janairu suke haihuwa har wajen Satumba, uwa ɗaya sau biyu, sau uku. A gona na tashi, Malachy."

Bai ma saurare ta ba. Ya riga ya buɗe firiji ya ɗauko madara da ƙaramin cokali. Ta fizge cokalin.

"Madarar saniya za ta kashe su! Uwarsu na nan da ranta. Haka take yi, ta bar su a ciyawa wuni guda, sai rana ta faɗi ta zo ta shayar da su. Ba ceto ka yi ba, sata ka yi. Sa takalminka."

A ƙofar maƙabarta ta tambaye shi daidai inda ya ɗauke su. Ya sosa ƙeya.

"Kusa da wani Gallagher."

Kaburbura goma sha ɗaya ne masu sunan Gallagher a wannan maƙabarta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, gwiwarta mai ciwo tana ƙara, shi kuwa yana biye da hula yana cewa kamar dai akwai wata bishiya. A na takwas, kabarin Packie Gallagher, ta ga inda injin ya tsaya, ga kuma ɗan lotsawa a cikin doguwar ciyawa, daidai kwanciyar abu biyu ƙanana. Ta ajiye su. Malachy ya fara tuɓe rigar sanyinsa zai lulluɓe su.

"In ka sa musu rigar nan, kai ma a nan za ka kwana."

Ya ce shi bai yarda akwai wata uwa ba sai ya gani da idonsa. Dole da yamma suka dawo suka laɓe a bayan katangar dutse. Ƙananan ƙudajen fadama suka yi musu ca a wuya da fatar kai. Sau uku tana zungurinsa ya yi shiru. Rana na faɗuwa sai ga uwar ta ɓullo ta tsakanin kaburbura, doguwa, ja, da manyan ƙafafun baya. Ta zauna, 'ya'yan suka rugo ƙarƙashinta. Ko minti biyar ba ta yi ba ta tashi ta tafi abinta.

Malachy ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Amma fa akwai zomayen rami manya-manya a wannan yanki."

Attracta ta wuce gida, ta tarar da dankalin da ta manta da shi ya yi baƙi a kan tebur.

Ranar Lahadi maƙabarta ta yi fes, ban da kabari ɗaya, na Packie, da ciyawa ta kai ƙauri. Ana gama addu'a Dympna Gallagher, matar marigayi Packie, ta nufo su fuska a murtuke.

"Me Packie ya yi muku?"

"Ni da son raina ne da na yanke," in ji Malachy. "Uwargida ce ta hana."

Attracta ta fara bayani: zomon daji, kunnuwa, shayarwa sau ɗaya a rana.

"Zomo dai zomo ne," in ji Dympna. "'Yar'uwarsa daga Boston ta zo, ga abin da ta tarar."

Sai da Attracta ta yi alkawarin za ta gyara kabarin da hannunta da zarar 'ya'yan sun watse. Ta kuwa cika, bayan mako uku, durƙushe da almakashin askin tumaki, ana yayyafi. Malachy na tsaye a kanta da laima ɗaya tak da suka zo da ita, ya rufe kansa, yana nuna mata inda ta tsallake.