Farin Zanen Gadon Kofur Nehemiya

"Alhaja, nan fa asibiti ne, wannan hayaƙin na mene ne?" in ji nas ɗin. Amma ko ita sai da ta saki hancin da ta toshe tun safe, ta ja numfashi.

Silifat ba ta kula ta ba. Ta tura kaskon turaren wuta ƙarƙashin gadon Kofur Nehemiya, sannan ta ja farin zanen gado ta rufe shi daga ƙirji har ƙafa, tana kawar da kai. Daga shagonta na Kantin Kwari ta yanko yadin, mai tsadar nan da ko 'yarta Azeezat ba ta yarda ta taɓa.

Shekara da shekaru suna gidan haya ɗaya a Sabon Gari, ƙofarta na kallon tasu. Ita Bayarabiya ce haifaffiyar Fagge, shi da matarsa Dina mutanen kudancin Kaduna ne. Tun da nakiya ta bar masa ƙarafa a cinya a arewa maso gabas, ciwon bai taɓa rufewa ba. Aka sallame shi daga soja, ya koma gadi a kasuwa yana ɗingishi. Bana ciwon ya tashi haiƙan, aka kwantar da shi a asibitin sojoji, inda famfo ba ruwa, kabad ba auduga, likita kuwa sai dai a ji labarinsa. Dina ce ke yayyaga tsofaffin zannuwanta, ta dafa a gida, ta zo ta ɗaure masa.

Jiya aka ce wani Kanar, babban likita, zai zo daga hedikwata ya zaɓi waɗanda za a kai babban asibiti a yi musu aiki. Abin da Nehemiya ya daɗe yana jira ke nan, don nas ta gaya wa Dina cewa in ba a yi aikin nan ba, gubar za ta shiga jini. Silifat kuwa abu ɗaya ta tsinta a maganar, wato babban baƙo zai zo. Ita mace ce da ko mai karanta mita ne zai shigo sai ta share tsakar gida. Ina za ta bari a ga maƙwabcinta cikin wannan wari? Har wanzami ta ɗauko ya gyara masa fuska.

"Maman Azeezat, kin mayar da ni ango," in ji Nehemiya. Murmushi yake, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Ai gara haka, Baba Soja. Su san kana da mutane."

Wajen hantsi Kanar ya shigo, hankici a hanci, wasu na biye da shi. A gadon farko ya tsaya, ya ɗaga tsumman da aka rufa wa wani saurayi, ya kawar da kai ya ce a tafi da wannan. Na biyun yana nishi, ƙudaje sun yanyame shi, shi ma aka ce a tafi da shi. Da ya iso gadon Nehemiya sai ya sauke hankicin. Nehemiya ya miƙe tsaf daga kwancen, hannaye a gefe, yadda aka koya masa tun yana kurtu.

"Kofur, yaya jiki?"

"Da sauƙi, yallaɓai."

"Akwai wani ƙorafi?"

"Babu, yallaɓai."

Kanar ya dubi farin zanen, ya juya ga 'yan rakiyarsa ya ce, "Kun ga soja. Wannan ya kusa komawa gida." Ya wuce gado na gaba.

Gaskiya, a wannan lokacin daɗi Silifat ta ji har cikin ranta. Ta dubi Dina don su yi murmushi tare, sai ta ga bakin Dina a buɗe. Nas ɗin ta matso, ta ce ƙasa-ƙasa, "Alhaja, ko ɗaga zanen bai yi ba. Duk ɗakin nan ba wanda ciwonsa ya kai na Kofur."

Silifat ta zabura. Ta bi su baranda da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, tana kiran yallaɓai ya dawo ya duba. Wani soja mai bindiga ya tare ta da hannu, cikin ladabi ya ce Mama ta yi haƙuri, an gama, sai zuwa na gaba. Yaushe ne na gaban? Shi ma bai sani ba.

Ta dawo tana haki. "Baba Soja, me ya sa ka ce da sauƙi?"

"To me zan ce? Kanar ne fa." Ya ƙara da cewa, "Kuma wa kika taɓa ji an yi masa sannu ya ce babu sauƙi?"

Bai cika mako ba. Zazzaɓi ya rufe shi, ya riƙa kiran sunayen wasu mutane da ko Dina ba ta san su ba, ran Lahadi da rana tsaka ya cika. Silifat na tsaye lokacin da ma'aikata suka yaye zanen don su ɗauke shi. Ba ta taɓa ganin ciwon ba, don mace ba ta kallon cinyar mijin maƙwabciyarta. Cinyar ta yi baƙi ƙirin har ƙugu, tsummokaran sun nutse cikin nama, akwai abin da ke motsi a ciki. Ta kama ƙarfen gado. Ashe wannan ta lulluɓe, ta yi masa turare.

Dina ta dafa ta. "Kada ki sa a ranki, Maman Azeezat. Ni ma na kama miki gefen zanen."

Kafin su gama haɗa kwanuka, ma'aikatan sun juya katifar, jiƙaƙƙen gefen ya koma ƙasa, sun kwantar da wani matashin soja da aka kawo da rauni a ƙwauri. Mahaifiyarsa, wata dattijuwa, ta dubi mutanen ɗakin cikin kunya, ta zaro wankakken zane daga jaka za ta rufa masa. Silifat ta riƙe mata hannu.

"Inna, bar shi a buɗe."

Dattijuwar ta dube ta, ta dubi idanunta, ba ta tambayi dalili ba. Ta ninke zanen ta ɗora a cinyarta, ta zauna a bakin gado, tana kore ƙudaje daga ƙafar ɗanta da murfin kwano.