Kifin da Abdou Bai Gani Ba

Abdou direban tasi ne, kuma duk unguwar Port Richmond babu mai zagin fitilun titin New York kamarsa. Wai hukuma ce ta rage musu ƙarfi saboda tsumulmula. Ranar da matarsa Safiatu ta gasa hanta ta ajiye masa, wuni ya yi yana cika yana batsewa. Duk ɗan Maradi irinsa ya san wanda ake gasa wa hanta: mai dundumi, wanda ganinsa ke tafiya da faɗuwar rana. Ga mutumin da sitiyari ke ciyar da gidansa, wannan ai zagi ne.

Ran Lahadi 'yarsa Zuhura ta tasa shi gaba zuwa gidan kallon kifaye. An kawo wani irin ɗan baƙin kifi da ba kasafai ake ganinsa ba, mazaunin ramukan murjani a ƙarƙashin teku. A ƙasan kowane ido yana da tabo mai haske, yana kunnawa yana kashewa. Ba ya shiri da hasken rana, don haka aka ware masa ɗaki mai duhu da labule mai kauri a ƙofa.

Suka shiga. Yara na ta ihun murna, Abdou kuwa ya harɗe hannu yana jira a fara.

"Bon, Bature ke nan," ya ce yana dariya. "Ya tara mutane ya nuna musu duhu."

"Daddy, ga su nan fa birjik!" in ji Zuhura.

"Ina?"

"A gabanka. Right there."

Ta kama haɓarsa ta juya masa fuska. Ya zaro ido, ya murza, ya matsa har goshinsa ya bugi gilashi. Baƙi ƙirin. A gefensa ya ji muryar wata tsohuwa, da jin ta ta girme shi nesa ba kusa ba, tana yaba kyan shuɗin hasken.

Dariyar ta ɗauke masa. Ashe fitilun New York lafiyarsu ƙalau. Ya tuna kwandon sharar da ya banke da mota da asubahin Talata a bakin makarantar su Zuhura, daidai inda yara ke tsayawa, har ya fito yana faɗan wanda ya ajiye shi a hanya.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

Ya juya zai fita, ya rasa ƙofa. Ya lalubi bango, ya lalubo kafaɗar wani ƙato, ya ba da haƙuri. Sai ya ji ɗan hannun Zuhura ya ɗauki nasa ya ɗora a kafaɗarta. Haka yara ke jan makafi a kasuwar Maradi, kuma tsoron da ya kama shi ya fi kunyar yawa.

A waje komai tar. Ga motarsa can, har lambarta yana karantawa. Zuhura ta ruga ta kama ƙofar baya tana jira ya buɗe. Abdou ya dubi rana, ta riga ta karkata, ga hanyar gida da nisa. Ya juya makullin a tafin hannunsa, ya mayar aljihu.

"Zuhura," ya ce, "a ina ake shiga jirgin ƙasa?"