Kwalaben da Gajere ya kawo

Akwai wata 'yar huda a rufin kwanon ɗakin Malam Magaji a Gangara, wadda Naja'atu ta hana kowa ya toshe. Da hantsi rana kan zuro ta nan, siririya, ta sauka kan tabarma. A wannan hasken take duba insulin ɗin mahaifinta, mai fama da ciwon sukari, kafin ta yi masa allura.

Lokacin da take koyon aikin jinya a Yamai ta taɓa ganin injin da ke wannan aiki. Yakan harba haske cikin kwalba, ya ƙirga ƙwayoyin maganin da suka manne da juna, har ya faɗi girmansu. Wani lokaci takan lumshe ido ta ji ƙugin injin nan da sanyin ɗakin, sai kukan akuya ya dawo da ita gida. A nan idonta ne injin. Irin insulin ɗin Baba garau take kamar ruwan sama. In zafi ya buge ta, ko ta daskare, ƙwayoyin su cure, ƙarfinta ya tafi.

Abin da ya rage a tsohuwar kwalba na yau ne kawai. Ana cikin haka sai ga yayanta Gajere, wanda dogo ne har yana sunkuyawa a ƙofa. Shekara bakwai yana bin kasuwannin iyaka, ko goro bai taɓa aiko wa tsohon ba. Jiya ya ji labarin maganin tsohon na ƙarewa, ya hau babur har Maraɗi, ya sayo kwalba uku.

"Na ji an ce sanyi take so," in ji shi yana kwance ƙunshin, baki har kunne. "A Gazawa na kwana, na sa mai ƙanƙara ya saka mini su can ƙuryar firigo, inda yake daskarar da ruwa. Da safe sun yi tauri kamar dutse."

Naja'atu ta karɓi kwalaben. Ta jira ya fita shan ruwa, ta ɗaga kwalbar farko cikin hasken, ta juya ta a hankali. Ga su nan, fararen ɓarɓashi suna tashi, suna kewaya, suna sauka ba gaggawa, kowanne na ƙyalli in ya ratsa rana. Sun yi kyau ƙwarai, har ta ɗan shagala da kallo, kuma kyan nasu ya ba ta haushi. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka.

Malam Magaji ido ya yi rauni, amma fuskar 'yarsa ba ta taɓa ɓoye masa komai ba.

"Sun ɓaci ko?"

"Sun ɓaci, Baba."

Ya ɗage riga, ya rage murya. "Yi mani da ita hakanan. Karo na farko ke nan da yaron nan ya tuna da ni. Kar ki kunyata shi."

Tausayin su biyun ya kama ta. Amma ta san yadda sukarin tsohon ke hawa, ta taɓa ganinsa kwance ba ya gane kowa. Ta yi masa allura da ragowar tsohuwar kwalba, sannan ta leƙa waje.

"Yaya, zo ka gani."

Gajere ya durƙusa, ta riƙe masa kwalbar cikin hasken. Da farko ya ce shi bai ga komai ba. Ta ce ya daina ƙifta ido, ta sake juyawa. Ya daɗe yana bin ɓarɓashin da kallo, murmushinsa na raguwa.

"Mi ne wannan?"

"Maganin ne ya cure. Ƙanƙara ta kashe shi. Tsumma mai laima kawai yake so, cikin inuwa."

"Na gobe fa?"

"Babu."

Gajere ya kau da ido daga kwalbar. Ya miƙe, kansa ya bugi dogaran ƙofa, ko shafawa bai yi ba. Ta ji ya tsaya wajen randa, ta ji ruwa na zuba, sannan babur ya tashi.

Tsohon ya kasa kunne har ƙarar ta ɓace. Sannan ya ce, "Kin gani? Ya yi fushi. Wata shekara bakwai ke nan."

Naja'atu ta leƙa. Furar da aka dama wa Gajere na nan ba a taɓa ba, kuma babu ɗankwalinta da ta shanya a kan igiya.

"Ɗankwalina ya jiƙa ya tafi da shi, Baba. Maraɗi ya koma."

Malam Magaji ya goge ido da bakin rigarsa. Can ya ce a fitar masa da tabarma ƙofar gida, inda ake hango hanya.