Benen da Gara Ta Cinye

Mai feshi ya soka sukundireba a jikin katakon ƙofar falo, ta shige har ƙota kamar a cikin burodi.

"Fenti ne kawai ke riƙe da ƙofar nan, yallaɓai."

"Fentin mai kyau ne," in ji Mai Bene, yana gyara hula.

Gidansa ba bene ba ne. Sunan ya samo shi ne daga rodunan da ya bari tsaye a kusurwoyin ginin, da rufin kwanon da ya kira na wucin gadi, da kuma katakon da ya jibge a bayan gida ƙarƙashin tamfol. Duk baƙon da ya zo sai an zagaya da shi ya gani. "Na sama ne," yakan ce. Yaran da aka nuna wa katakon nan suna goye, yanzu su ma suna da nasu goyon.

Ya daɗe yana yaƙar gara da kansa. Ya zuba mata baƙin mai, ya bi da toka, ya ƙara da kalanzir. Ta sha, ta ƙara ƙiba. Sai da wani ɓangare na silin ya faɗo gefen gadon mahaifiyarsa, matarsa ta kira kamfanin feshi ba tare da ta nemi shawararsa ba.

Mai feshin, saurayi cikin takalman roba har gwiwa, yana magana kamar likitan da ya samu majinyaci mai hali. Za a huda daɓe a bakin kowane bango a ɗura magani. Za a haƙa rami a kewaye ginin. Kowa zai bar gidan ranar aikin, har tsohuwa.

"Amma duk aikin banza ne in ba mu gano inda ta yi gida ba."

Ya bi siririyar hanyar ƙasar da gara ta gina a jikin bango, matar na biye da shi, Mai Bene na baya yana tari. Hanyar ta zagaya kicin, ta wuce famfo, ta shige ƙarƙashin tamfol.

"Wannan ba ya cikin aikin," in ji Mai Bene.

"Buɗe masa mana, Baban yara," in ji matar. "Yau kuma benen ne ke jin kunyar baƙo?"

Aka yaye tamfol. Katakon na nan jere yadda aka ajiye shi. Mai feshi ya ɗaga ɗaya, ya dagargaje masa a hannu, farar gara ta zubo kan takalmansa.

"A fesa a bar mini abina."

"A fesa me, yallaɓai? Sai dai wuta. In ya kwana nan, kafin damina garar ta koma ɗakin Mama."

Tsohuwar ta leƙo ta taga. "Kai dai ka bar shi. In silin ya kashe ni, ka ce wa masu gaisuwa bene ne ya faɗo mini. Ko ba komai na mutu da daraja."

Mai Bene ya dubi rodunan nan da suka yi tsatsa. In babu katako, shi ba kowa ba ne sai mai gidan da ya yi ƙaho. Ya dubi tagar. Da kansa ya shiga kicin ya ɗauko ashana.

Hayaƙi na tashi, tela maƙwabcinsa ya leƙo ta katanga. Shi ne ya fara laƙaba masa sunan.

"Mai Bene, lafiya?"

"Ina lafiya? Gara ta cinye mini benen. Bana fa na so ɗorawa."

"Kai! Bana?" Tela ya dafe kai. "Allah Ya mayar da alheri."

Telan bai yi dariya ba. Mai Bene ya ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa, wanda bai san yana ɗauke da shi ba. Da sauri ya sa ƙafa ya jawo wani guntun katako da wuta ba ta kai gare shi ba, wanda cin garar ya fi fitowa a jikinsa.

"Shi kuma wannan na mene ne?" in ji matar.

Ya miƙa wa mai feshi. "Jiƙa mini shi da magani sosai. A zaure zan jingine shi, inda baƙi ke zama."