Harbi Biyu a Gonar Brereton

"Riƙe mata kai, 'yar nan, kar ta cije ni," in ji Merle.

Shona ta durƙusa a tsakiyar kicin ta rungume kan karyarsu Biskit, Merle kuma ta ci gaba da naɗe ƙafar da tsumma. Shekara talatin tsohuwar nan ta yi tana dafa wa masu aske gashin tumaki abinci a yammacin Queensland. Ta ɗaure ƙafar kare ta fi a ƙirga, ta kuma san bambancin raunin waya da na takalmi.

"Wayar shinge ce ta kama ta," in ji Shona.

"To! Wayar nan lamba nawa take sakawa a takalmi?"

Shona ta fara dariya, sai ta tsaya cak ta dafe haƙarƙarinta. Merle ta gani. Ai ba yau ta fara gani ba. Tun da Col Brereton ya kawo yarinyar nan gonarsa da ke tsallaken hanya, duk ranar da karyar ta yi ɗingishi, sai ka ga Shona da riga mai dogon hannu, ko da zafi na neman kashe mutum.

"Akwai gidan mafaka a birni na mata irinki," in ji Merle. "Ni zan kai ki da motata."

"Na buga musu waya, Anti. Ba sa karɓar karnuka. Shi kuwa ya rantse ranar da na sa ƙafa waje sai ya harbe Biskit."

"Bar min ita nan. Ke ki shirya, ranar Juma'a mu tafi."

Wallahi da zuciya ɗaya Merle ta faɗi haka. Amma da la'asar sai ga Col a bakin ƙofar shinge, ya cire hula yana murmushi kamar mutumin kirki.

"Sannu da gida, Mama Merle. Na ji karyata ta zo ganin likita."

Merle ta waiwayi mijinta Des, wanda ke zaune a baranda. Des ya rage murya.

"Haba Merle. Karen aiki ne. A ƙasar nan ba a riƙe wa mutum karen aikinsa, kin fi kowa sani."

Ta sani ɗin. Da wannan ta tashi, da shi ubanta ya tashi. Ta buɗe ƙofa. Col ya yi fito sau ɗaya, Biskit ta bi shi da ƙafa uku, jela a matse, tana jan ciki a ƙasa. Merle ta ji kunyar kanta har ta kasa cin abincin yamma.

Ranar Alhamis da hantsi tana cikin murza kullun burodi ta ji harbi. Hannunta ya tsaya.

"Karyar ce," in ji Des, ko kai bai ɗago daga jarida ba. "Ta gurgunce, ba ta da sauran aiki. Kowa ma haka yake yi."

"Zan kira 'yan sanda."

"Ki ce musu me? Manomi ya harbe karensa? Dariya za su yi miki."

Merle ta tsaya riƙe da waya. Ta ce a ranta bari motarsa ta fita tukuna, sai ta tsallaka ta ɗauko yarinyar yau ɗin nan, a manta da wata Juma'a. Ta ajiye wayar, ta wanke hannu, ta ɗora ruwan shayi. Ruwan bai kai ga tafasa ba ta ji na biyu.

Wannan karon Des ya ajiye jaridar.

A bayan rumfar tumaki aka sami gawar Shona, kusa da ta Biskit, da shebur a gefenta. Rami ta fara haƙa wa karyar. Col yana zaune a kan tayar tarakta har 'yan sanda suka iso, ya miƙa musu bindigar da kansa.

An binne Shona ranar Talata. A zauren taron gari mata suka jera faranti, kowacce da abin da ta toyo, maza na ta cewa, "Wa zai taɓa zato? Mutum shiru-shiru haka!" Merle ta ji kamar ta kife teburin. Amma da wane bakin za ta yi magana? Ita ce ta buɗe ƙofar.

Da suka dawo ta hango shanyar Shona tana nan a kan igiya, kwana biyar ba wanda ya kwashe. Ta tsallaka hanya. Ta cire tawul-tawul ta ninke, ta cire rigunan masu dogon hannu ta ninke ɗaya bayan ɗaya. Sai ya rage babban zanin gado, irin wanda sai mutum biyu ke ninkewa. Ta kama bakinsa biyu ta ɗaga, ɗaya ɓangaren yana jan jar ƙasa, ta tsaya a haka cikin rana.